Durham: Inda Aka Gwada Man Kifi a Kan 'Yan Makaranta

Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Durham tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa, an miƙi arewa. Dab da isa, jirgin yakan hau wata doguwar gada, sai garin ya bayyana gaba ɗaya ta tagar dama: kogin Wear ya yi wa wani tudu ƙawanya, a kan tudun ga tsohuwar majami'ar da aka fara ginawa a 1093, ga kuma fadar da ke maƙwabtaka da ita. Garin ba shi da girma, jami'a ce ke riƙe da shi. Ƙauyukan da ke kewaye na masu haƙar kwal ne a da. An rufe ramukan ƙarshe a farkon shekarun 1990, aka bar mutane da jerin gidajen jan bulo da ƙarancin aikin yi.

Masu yawon buɗe ido majami'ar suke zuwa kallo. A wajen likitocin yara da malaman makaranta na Ingila kuwa, an san Durham da wani abu dabam. Nan ne aka yi ta ɗura wa 'yan makaranta man kifi, da fatan zai wasa musu ƙwaƙwalwa, ya kuma kwantar da masu ƙiriniya. Ni dai zumunci ne ya kai ni. Ƙanwata tana aure a can, kuma ɗanta na biyu, mai shekara tara, yana cikin yaran da likitoci suka ce suna da lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda aka fi sani da ADHD. Zaman da na yi a gidan ne ya sa na bi diddigin maganar.

Ƙwaya biyu da karin kumallo

Lokacin hunturu ne, ƙarfe bakwai da rabi na safe gari bai gama wayewa ba. Yaron yana zaune a bakin kujera yana kaɗa ƙafa, takalmi ɗaya a sanye, ɗayan ba wanda ya san inda ya shiga. Uwar ta ajiye masa burodi da ƙwai, ta tsaya a kansa sai da ya cinye, don ta san da zarar magani ya fara aiki, abincin ranar da ta ƙunsa masa zai dawo gida kusan yadda ya tafi. Daga nan ta buɗe wani ɗan akwati mai makulli a saman kabad, ta ɗauko ƙwaya guda. Sai ta jawo wata kwalba da ke gefen gwangwanin shayi, wadda ba a damu da ɓoye ta ba, ta zazzago wata ƙwaya mai laushi, ruwan zuma, ana hango mai a cikinta.

Ta farkon ya haɗiye ba musu. Da aka zo ta biyun sai ya yamutsa fuska.

"Kawu, wannan in na yi gyatsa a aji sai in ji ƙarnin kifi," in ji shi.

Na tambayi uwar bambancinsu.

"Yaya, ta cikin akwatin ita ce ta likita. Wannan kuwa da kuɗina nake saya. Matan da muke haɗuwa a ƙofar makaranta, da yawansu suna ba nasu."

"Likitan ya sani?"

"Na faɗa masa. Bai hana ba, bai kuma ce in ba shi ba."

Lissafin kuɗin ne ya fara ɗaure mini kai. A Ingila yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya biyan ko sisi a kan maganin da likitan gwamnati ya rubuta masa. Wato ƙwayar da aka tabbatar tana aiki kyauta ce, wadda ake tababa a kanta kuma ita iyaye ke zuba wa kuɗi duk wata.

Ƙwayar cikin akwati

Da a ƙasarmu ne, da an ce yaron ba ya ji, ko kansa na rawa, a haɗa shi da bulala. A Ingila an daɗe da ɗaukar abin a matsayin lalura. Tun a 1902 wani likitan yara, George Still, ya gabatar da laccoci a Landan a kan yaran da ke da basira amma ba sa iya tsayar da hankalinsu wuri ɗaya ko danne abin da ya zo musu a rai. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi yau shi ne kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da ita, kuma tana bin jini sosai. Ba a yanke hukunci da gani ɗaya. Sai alamun sun kai wata shida, sun fara tun kafin shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna hana yaron ci gaba. Iyaye su cike takarda, malamai su cike tasu, sannan ƙwararren likita ya zauna da yaron.

Maganin da ake fara bayarwa shi ne metilfenidet, wanda aka haɗa a birnin Basel na Suwizalan a 1944, aka kuma fi saninsa da sunan Ritalin. Aikinsa shi ne ya hana ƙwaƙwalwa saurin janye wasu sinadarai biyu, dofamin da noradirenalin, waɗanda jijiyoyinta ke aika saƙo da su, musamman a sashen gaban kai da ke kula da tsara aiki da kame kai. Cikin awa guda yake fara aiki, zuwa yamma ya sake. Kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi da shi. Na ga haka da idona ranar Asabar: yaron da da safe ba ya iya gama ɗaura igiyar takalmi ya zauna da hantsi ya gama aikin lissafinsa, ya kuma saurari ƙanwarsa har ta kai ƙarshen maganarta.

Sai dai maganin yana da nasa. Yana kashe sha'awar abinci, yana iya hana barci da wuri, yana ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini, kuma yana iya rage saurin girman yaro. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce a auna tsawon yaro duk wata shida, a auna nauyin ɗan shekara 10 zuwa ƙasa duk wata uku. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyar sai da shawarar ƙwararru na musamman. Iyayen ake fara koya wa yadda za su tafi da shi. Doka kuma ta sa maganin cikin waɗanda ake tsarewa, takardarsa ba ta wuce kwana 28 ba a karɓa ba. Dalilin makullin akwatin ke nan.

Duk uwar da ta karanta takardar da ke cikin kwalin sai gabanta ya faɗi. Ga kuma jira: a sassa da dama na Ingila yaro yakan shafe shekara, wani ma shekaru, a layin ganin ƙwararre. A watan Satumban 2023 an fitar da sanarwar gargaɗi a faɗin ƙasar cewa magungunan wannan lalura sun yi ƙaranci, iyaye suka yi ta zagayen kantunan magani. Wanda ke cikin tsoro da jira ba ya iya naɗe hannu. Sai ya nemi abin da zai iya yi da kansa, kuma man kifi yana nan a kan kanta, ba ya bukatar takardar kowa.

Daga cokalin gwamnati zuwa kwalbar kanti

Man kifi ba baƙo ba ne a Birtaniya. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta riƙa raba wa ƙananan yara man hantar kifi, don kare su daga ciwon nan da ke lanƙwasa ƙashin ƙafa saboda ƙarancin bitamin D, aka kuma ci gaba da rabon shekaru bayan yaƙin. Wata tsohuwa maƙwabciyar ƙanwata, 'yar mai haƙar kwal, ta ba ni labarin yadda mahaifiyarsu ke jera su ta bi su da cokali ɗaya. Har yanzu in ta tuna sai ta toshe hanci. A wajen irinta, man kifi abu ne da uwa ta gari ke ba ɗanta, ba sai an kawo hujja ba.

Ga kuma hujjar kimiyya, wadda a kunne tana da daɗin ji. In aka cire ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa, fiye da rabin abin da ya rage mai ne. Daga cikinsa akwai wani mai suna DHA, wanda ke cikin fatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na bayan ido. Shi da ɗan'uwansa EPA, mai rage kumburi a jiki, su ne manyan 'yan gidan da ake kira omega-3. Jiki ba ya ƙirƙirar omega-3 da kansa. Yana iya juya ɗan kaɗan daga wanda ke cikin wasu tsirrai, amma mafi yawa daga kifi mai maiƙo ake samu, shi kuma kifin daga gansakukar teku yake tarawa.

Iyaye ne suka fara haɗa wannan da ƙiriniyar yara. A 1981 wasu mata biyu, Vicky Colquhoun da 'yarta Sally Bunday, waɗanda ke tafiyar da wata ƙungiyar tallafa wa iyayen irin waɗannan yara a Ingila, suka wallafa maƙala suna cewa wataƙila ƙarancin waɗannan mayuka ne sanadi. Sun lura yaran suna yawan jin ƙishirwa, da yawansu kuma suna fama da ciwon fata. A 1995 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka auna jinin yara maza 53 masu lalurar da 43 marasa ita, suka tarar na masu lalurar ya fi ƙarancin waɗannan mayuka. To, amma samun ƙaranci a jini bai nuna cewa shi ne ya kawo ciwon ba. Yaron da ba ya zama ya ci abinci, mai tsirfa a kan abin da zai sa a baki, dole jininsa ya nuna haka. Sai an gwada kafin a sani.

Gwaji biyu a Durham

Na farkon gwaji ne na gaske. Alex Richardson da Paul Montgomery na Jami'ar Oxford suka ɗauki yara 117 daga makarantun yankin Durham, 'yan shekara 5 zuwa 12. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka sha man kifi haɗe da ɗan man wata shuka, rabi suka sha ƙwayar da man zaitun ne kawai a ciki, ba tare da yaro ko malami ya san wadda ake sha ba. Bayan wata uku, masu shan man kifin suka fi ci gaba a karatu da rubutu, malamai kuma suka ce halinsu ya gyaru. An buga sakamakon a 2005 a mujallar likitocin yara ta Amurka, jaridu suka ɗauka. Abin da aka yi saurin mantawa shi ne, ba don ADHD aka zaɓi yaran ba. An zaɓe su ne don suna da matsalar sarrafa gaɓoɓi, irin yaran da riƙe alƙalami ko cafe ƙwallo ke ba wuya, kuma a wannan fannin man bai yi musu komai ba.

Na biyun shi ne ya jawo surutu. A 2006 ƙaramar hukumar yankin ta yi shelar cewa za a ba ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare man kifi har zuwa jarrabawarsu ta GCSE. Kamfanin Equazen, mai yin ƙwayar da ake kira eye q a lokacin, shi ya bayar da ita kyauta. Gidajen talabijin da jaridu suka cika da labarin tun ba a haɗiyi ƙwaya ɗaya ba. Sai wani likita da ke rubutu a jaridar Guardian a lokacin, Ben Goldacre, ya yi tambaya mai sauƙi: da wa za a kwatanta su? Ba a ware wasu ɗalibai da za su sha ƙwayar wofi ba. Kowa man kifin zai sha.

Duk manomi ya san inda matsalar take. In ka zuba sabon taki a gonarka gaba ɗaya, damina kuma ta yi kyau, ba ka da hanyar sanin ko takin ne ya yi aiki ko ruwan sama. Sai ka bar kunya kaɗan ba taki, a gona ɗaya, a damina ɗaya. Ɗaliban Durham sun san ana kallonsu, malamansu sun san ana kallonsu, iyaye sun ƙara sa ido, kuma a wancan lokacin sakamakon jarrabawar dama yana hawa kusan kowace shekara. Ko me ya fito, za a iya cewa man kifi ne.

Da surutu ya yi yawa, hukumar ta ce ai ba gwaji ba ne, shiri ne kawai. Ɗalibai sama da 3,000 suka fara, amma 832 ne suka jure shan ƙwayar yadda ya kamata har lokacin jarrabawa. Waɗanda suka jure shan ƙwaya kullum na tsawon watanni, dama su ne irin ɗaliban da ke jure karatu. Dubban yara sun haɗiyi mai, ba a ƙaru da ilimin komai ba, amma sunan man kifi ya shiga kowane gida. Matan da ƙanwata ke haɗuwa da su a ƙofar makaranta, wasunsu ɗalibai ne a waɗannan shekarun.

Ita kanta Richardson ta ci gaba da gwaji yadda ya kamata. A wani gwaji da ta buga a 2012, mai yara 362 na yankin Oxford, an ba rabinsu DHA na tsawon mako 16, aka ga ɗan ci gaba a wajen waɗanda suka fi rauni a karatu. Da ita da abokan aikinta suka maimaita gwajin, sakamakon da suka buga a 2018 bai nuna wannan amfanin ba. Sun buga shi a haka, kuma wannan abin a yaba musu ne.

In an haɗa shi da magani fa?

Wannan ita ce tambayar gidan ƙanwata, tunda ba ta da niyyar ajiye maganin likita. An gwada. A 2001 Robert Voigt da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki yara 63 da ke shan magani, suka ƙara wa rabinsu miligiram 345 na DHA kullum har wata huɗu. DHA ya ninka fiye da biyu a jininsu, amma natsuwarsu ba ta bambanta da ta masu shan ƙwayar wofi ba. A Meksiko kuma an bi yara 90 na tsawon shekara guda: kashi ɗaya magani kaɗai, kashi ɗaya mai kaɗai, kashi ɗaya duka biyun. Masu haɗawa ba su fi masu shan magani kaɗai samun sauƙi ba, sai dai an riƙe su da magani ƙasa da na sauran, illolin kuma suka ragu. Labari ne mai daɗi, amma a wannan gwajin iyaye da likitoci duk sun san abin da kowane yaro ke sha, kuma zuciya tana ganin abin da take so.

A 2011 Michael Bloch da Ahmad Qawasmi na Jami'ar Yale suka tattara gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi yara 699. Suka ce akwai amfani, amma ƙarami ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da magani ke yi, kuma ya fi fitowa inda EPA ya yi yawa a cikin ƙwayar. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tace bincike, ta duba gwaje-gwaje 37 a 2023, yara sama da 2,300. Hukuncinta ya fi tsauri: a ma'aunin da iyaye ke cikewa na alamun lalurar, ba bambanci tsakanin mai da ƙwayar wofi.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai an yi shi ne a Taiwan, tare da masu bincike na King's College ta Landan, aka buga a 2019. Yara 92 ne, aka ba rabinsu giram 1.2 na EPA kullum har mako 12, amma sai da aka fara auna jininsu. Waɗanda EPA ya yi ƙaranci a jikinsu tun farko sun samu ƙarin natsuwa. Waɗanda dama suna da isasshe ba su ƙaru ba, a wani ma'aunin na gaggawar aikata abu ma sai suka ja baya. Gwaji ɗaya ne, ƙarami, amma ya yi daidai da hankali: abinci yana gyara wanda ya rasa shi ne, wanda ya ƙoshi ƙari ba ya yi masa komai.

Da wannan duka NICE ta tsaya a kan matsayinta. Ƙa'idarta ta 2018 ta gaya wa likitoci kada su bayar da waɗannan mayuka, kada kuma su ba da shawarar shan su a matsayin maganin ADHD ga yara. Abin da ta ce su jaddada shi ne abinci mai kyau da motsa jiki, in kuma iyaye suna zargin wani abinci ko abin sha, su riƙa rubuta abin da yaro ya ci da yadda ya wuni, a duba tare. Sai a nan na gane amsar likitan ƙanwata. Bai hana ba don ba ya ganin cutarwa, bai ce a ba shi ba don ba shi da hujja.

Asibiti da aji

Na raka su ranar awo. Ma'aikaciyar jinya ta sa yaron ya cire takalmi ya jingina da bango, ta sauko da ma'auni a kan gashinsa, ta ɗiga alama a takardar da ke nuna yadda girmansa ke tafiya. Ta ɗora shi a sikeli, ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Tambayoyinta duk na gida ne: ƙarfe nawa yake barci, me yake ci da rana, yaya yake in magani ya sake shi da yamma. Da ƙanwata ta ambaci man kifi, sai ta nemi ganin kwalbar. Ta juya bayanta ta nuna mana cewa babban adadin da aka rubuta a gaba nauyin man ne gaba ɗaya, EPA da DHA da ke ciki kuwa ba su kai rabinsa ba. Ta kuma ja kunne a kan abu biyu. Kada a ɗauki man hantar kifi a matsayin abu ɗaya da wannan, don shi yana ɗauke da bitamin A, wanda yawansa ke taruwa a jiki ya yi illa. Sannan kada a rage maganin likita don ana ba da mai, sai an zo an yi shawara. Ta fi damuwa da nauyin yaron fiye da kwalbar: a ba shi abinci mai nauyi da safe kafin magani, a kuma bar masa wani da dare in yunwa ta dawo.

A makaranta na ga abin da ba a sayarwa a kanti. Doka ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta ajiye malami mai kula da yara masu bukata ta musamman. An zaunar da yaron a gaba, nesa da taga. Malamarsa ba ta ba shi umarni uku a jere, sai ɗaya, in ya gama ta ƙara. In ta ga ya fara mutsu-mutsu sai ta aike shi ya kai takarda ofis, ya dawo ya zauna. Akwai ɗan littafi da ke yawo tsakanin gida da aji, ana rubuta abin da ya yi daidai kafin abin da ya ɓata. Bulala kuwa an haramta ta a makarantun gwamnati tun 1986. Uwar ta ce ranar da aka canja masa wurin zama ta ga bambancin da ba ta taɓa gani daga kwalba ba.

A bakin teku

Kafin in bar arewa mun je North Shields, inda kogin Tyne ke shiga teku, gaba kaɗan da Newcastle. Tsohuwar tashar masunta ce, iska mai sanyi, tsuntsayen teku suna ta kuka a kan rufin shaguna. Layin da ya fi tsawo na masu sayen soyayyen kifi da dankali ne, abincin da aka san Ingila da shi. Amma kifin da ake soyawa fari ne, mansa a hanta yake, namansa ba shi da omega-3 sosai. Hukumar lafiyar ƙasar tana ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, ɗaya ya kasance mai maiƙo, kuma yawancin yaran ƙasar ba sa kai wa.

Mai maiƙon yana gefe a kan ƙanƙara, ba layi a gabansa, kuma ina ganin zanen bayansa na gane shi. Titus ne, wanda ake kawo mana a daskare daga waɗannan tekuna na arewacin Turai. Kusa da shi ga kyafaffen shawa. Su da sadin na gwangwani suna cikin kifayen da suka fi kowane yawan EPA da DHA. Man gyaɗa da muke girki da shi kusan ba shi da omega-3 ko kaɗan, don haka a tukunyarmu ma kifin ne hanya. Ƙanwata ta sayi Titus, ta yi mana miyarsa da daddare, yaron da ke yamutsa fuska a kan ƙwaya ya nemi ƙari.

Abin da na taho da shi

Man kifi abinci ne. Ga yaron da ba ya samun kifi yana iya ɗan taimakawa, illarsa kuma ba ta cika wuce gyatsa mai ƙarni da sakin ciki ba. Amma ba ya maye gurbin magani, kuma hujjar cewa yana ƙara wa magani ƙarfi ba ta da ƙwari. Abin da na ga yana riƙe da ɗan ƙanwata shi ne ƙwayar likita da ake auna shi a kanta, da malamar da ta san inda za ta zaunar da shi, da uwar da ke tsayawa a kansa sai ya ci.

Irin waɗannan kwalabe sun fara cika kantunan maganinmu, da hoton yaro mai murmushi da alkawarin kaifin basira. Kafin ka saya, in kana da yaron da ba ya zama, ba ya gama aiki, kullum ana kawo ƙararsa daga boko da islamiyya, ka sauke bulala ka kai shi a duba idonsa da kunnensa da jininsa, a tambayi yadda yake barci. In ba a samu komai ba, a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocinsu a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. In likita ya ɗora shi a kan magani, kada a ajiye don wani ya ce mai ya fi. Kuɗin kwalbar kuwa, in ba su da yawa, a kai su wajen mai kifi.